Katsina zuwa Abuja a jirgi: kilomita nawa ne, kuma minti nawa ake yi a sama?

Ɗan Kusugu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Dan Allah masu yawan hawa jirgi da waɗanda suka san harkar ku taimaka mani da haske. Zan kai mahaifiyata Abuja ganin likita, an ba mu ranar Talata ƙarfe 9 na safe, ciwon baya da ƙafa ne suka matsa mata, zaman mota na awa biyu ma yanzu da ƙyar take jurewa balle a ce tun daga Daura har Abuja, shi yasa ni da yayyena muka haɗa kuɗi muka ce a jirgi za a kaita. To ni dai ban taɓa hawa ba, ita ma haka.

Na shiga Google na nemi nisan Katsina zuwa Abuja ta sama, wani shafi ya ce 447, wani ya ce 278, wani kuma 241, kuma duk tafiya ɗaya ce fa. Lokaci ma haka, wani waje an sa minti 35, tikitin da na duba an rubuta awa 1 da 'yan mintuna, wani abokina kuma ya rantse mani su minti 45 suka yi. Wanne zan kama? Don wlh tambayar da Inna take ta yi mani kenan safe da yamma, wai har yaushe za mu daɗe a sama, kuma bana son in faɗa mata abinda ba shi ba tunda dama a tsorace take.

Na biyu, mu da muke Daura ina ya fi mana, mu tashi ta Katsina ko mu gangara Kano? Babban yayanmu ya dage sai Kano, ni kuma ina ganin Katsina ta fi kusa.

Na uku hazon nan da ake ciki, jiya da safe daga ƙofar gidanmu ko ƙarshen layi ba a gani sosai, shin jirgi na tashi a haka kuwa? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Mai Tikiti na Ƙofar Ƙaura ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka maku da alheri. Ni sayar da tikitin jirgi ce sana'ata a nan cikin Katsina, to bari in warware maka lissafin a hankali.

Lambobin nan uku da ka gani duk daidai ne, ma'auni ne kawai ya bambanta. 447 ɗin kilomita ne, wanda muka saba da shi. 278 mil ne irin na Amurka da Ingila, mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori. Shi kuma 241 mil ne na matuƙa jirgin sama da na ruwa, ɗayansa kilomita 1.852, ka danna kalkuleta ka ninka 241 da 1.852 za ka ga ka dawo wajen 446. Don haka ka riƙe kilomita 450 a ƙiyasce daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina zuwa filin Nnamdi Azikiwe na Abuja. A miƙe kenan fa, ba kwana ba ratse. In ka ɗora layi a taswira kusan kudu sak ne, zai bi ta kusa da Dutsin-ma da Malumfashi ya ratsa saman Kaduna ya faɗa Abuja. A mota in ka bi ta Kano da Zariya kusan kilomita 600 za ka ci daga Katsina.

Sai maganar lokaci, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wanda ya ce maka minti 35 lissafin allo ya yi, ya ɗauki 450 ya raba da gudun jirgi mai injin jet wanda yake kai kilomita 800 a awa, sai ya samu minti 34 ko 35. Amma ai jirgi baya fara wannan gudun tun daga ƙasa, kamar direban da ya taso daga tasha ne, baya take wuta sai ya fita gari, kuma tun kafin ya shiga gari na gaba zai fara sassautawa. Akwai ma ƙa'ida, in jirgi yana ƙasa da ƙafa 10,000 gudunsa baya wuce wajen kilomita 460 a awa. To ka ga mintunan farko hawa yake, na ƙarshe sauka yake, kuma a gajeriyar tafiya irin wannan yawanci ba ya ma hawa can ƙololuwa irin ta masu zuwa Saudiyya. Matuƙa suna lissafin saukowar ƙafa 1,000 a kowane mil 3 nasu, in yana ƙafa 25,000 kenan tun saura kilomita 140 zai fara gangarowa, wato da kun wuce saitin Kaduna kaɗan za ku ji ƙarar inji ta ragu hancin jirgi ya ɗan sunkuya. Ka gaya wa Inna wannan tun yanzu don kar ta zata inji ne ya mutu, masu hawan farko da yawa a nan salatinsu yake ƙaruwa.

Saboda haka abokinka gaskiya ya faɗa, daga tayar jirgi ta bar ƙasa zuwa ta sake taɓa ƙasa minti 45 zuwa 50 ne in jet ne irin Boeing 737 ko ƙaramin Embraer ɗin nan mai kujeru 50. In mai farfela ne irin ATR gudunsa wajen kilomita 500 ne a awa, shi sai ka ba shi awa 1 da minti 10 ko fiye.

Tikiti ma bai yi ƙarya ba. Su kamfanoni daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake fake suke fara ƙirgawa har sai ya tsaya cak a can, to akwai tafiyar da yake yi a ƙasa kafin ya hau titin tashi, akwai jiran izinin hasumiya, a Abuja kuma titin jirgi ɗaya ne tal duk jiragen suke bi, kun tuna a 2017 da aka rufe shi sati 6 don gyara sai Kaduna aka koma sauka. In an samu cunkoso ko wani babba zai tashi sai a ce ku ɗan yi shawagi tukuna. Shi yasa suke rubuta awa 1 ko awa 1 da minti 10.

Abinda za ka ce wa Inna shi ne a sama ba za ta cika awa ɗaya ba in sha Allahu, zamanta a kujera duka duka har da shiga da fita ta sa awa ɗaya da rabi.

Alhajin Kwari ya amsa:

Malam Mai Tikiti ya yi bayani Allah ya ƙara sani, amma ƙanena ni shawarata ka daina kallon mintunan sama, ba su ne tafiyar ba. Ni ɗan Daura ne, harkar atamfa da shadda nake yi tsakanin Kano da Abuja, hanyar nan na san ta ciki da bai. Ka zauna ka lissafa daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki.

Ta Katsina: Daura zuwa Katsina kilomita 80 ne, da tsohuwa mara lafiya ba za ka bari direba ya yi gudu ba, ka sa awa 1 da kwata. Dole ka isa filin jirgi da awa 1 da rabi kafin tashi don suna rufe karɓar kaya tun da saura. Jirgi awa 1. Jiran jaka a Abuja minti 20 zuwa 30. Sannan abinda baƙi basa sani, filin jirgin Abuja ba a cikin gari yake ba, kusan kilomita 40 ne zuwa tsakiyar birni, in kuka faɗa gosulon Lugbe sai ka ci awa guda a nan kaɗai. Ka tara ka gani, awa 5 ne ba minti 45 ba.

Ta Kano: Daura, Kazaure, Ɗambatta har Dawanau ka shiga gari, kilomita 120 da 'yan kai, awa 2 ko fiye. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa Abuja kuma ya fi kusa a sama, wajen kilomita 365, minti 40 kun sauka, duk da a tikiti shi ma awa 1 za ka gani. Jimla awa 6 kenan. Bambancin awa ɗaya ne kacal.

To me yasa nake bayan yayanku? Saboda yawan jirage. Kano kamfanoni da yawa suke zuwa, safe da rana da yamma, in wannan ya ba ka kunya ka koma kantar wancan ka yanki wani a take in kana da kuɗi a hannu. Katsina kuwa jiragen ba su da yawa, wata rana ɗaya ne ko biyu, wani kamfanin ma ba kullum yake zuwa ba, in aka soke shikenan sai gobe ko jibi. Ya taɓa faruwa da ni, mun zauna tun hantsi ana ce mana jirgi na hanya jirgi na hanya, har aka kira la'asar muka yi salla, sai ga wani yaro da rigar aiki ya fito ya ce a yi haƙuri ba zai zo ba, a gabana wata baiwar Allah da ke da intabiyu washegari ta zauna kan jakarta tana kuka. Ni a daren nan na kama hanyar Kano. Kai da kake da ranar likita, irin ranar da in ta wuce sai a sake ba ku wata mai nisa, kar ka ɗora komai kan jirgi ɗaya.

Ɗan Ƙofar Soro ya amsa:

Alhaji da girmanka amma ban yarda da kai ba a nan gaskia. Ka manta abinda ya ce tun farko, zaman mota ne matsalar Inna. Awa ɗayan da kake cewa kacal ai a mota za ta yi ta ba a jirgi ba, ga gosulon Kurna in kun shiga Kano, ga hayaniya, ga filin Kano babba ne tafiyar ƙafa ta fi yawa. Filin Katsina kuwa yana gabas da gari, ɓangaren da 'yan Daura suke shigowa, ba sai kun kutsa cikin birni ba, kuma daga inda mota ta aje ku zuwa kanta taku kaɗan ne, ba layi mai tsawo ba turereniya.

Kuma kar wani ya ɗauka ƙaramin fili ne da bai kai ba, daga nan alhazan jihar Katsina suke tashi zuwa Saudiyya a manyan jirage, marigayi Buhari duk zuwansa gida lokacin yana mulki a nan yake sauka sannan helikwafta ta ƙarasa da shi Daura, gawarsa ma a watan Yulin 2025 nan aka sauke ta. Titin da ya ɗauki waɗannan ai ba zai gaza da jirgin Abuja ba.

Wani abu kuma da yake ci mani rai, mu da kanmu muke kashe filinmu. Kowa ya tashi sai ya tafi Kano, kamfani ya zo ya ga kujeru ba kowa sai ya rage zuwa, mu kuma mu dawo muna cewa ba jirage a Katsina. Alhali mai kamfanin jirgin Max Air ma, Alhaji Ɗahiru Mangal, ɗan garin nan ne. In ba mu hau ba wa zai hau mana?

Alhajin Kwari ya amsa:

Kishin gida daban, ranar likita daban ɗan uwa. Amma na yarda maganar bayanta abin dubawa ce.

Uwar Biyu ta amsa:

Sannu Ɗan Kusugu, ya mai jiki? Allah ya tashi kafaɗunta. Maza sun yi ta lissafin kilomita, ni bari in faɗa maka abinda na gani da na raka babanmu, shi ma bai taɓa hawa ba kuma ƙafarsa ba ta taka sosai.

Tun wajen sayen tikiti ka ce a rubuta maku kuna buƙatar keken marasa lafiya, kar ka bari sai kun je. Da an rubuta za ka samu ma'aikaci ya turo ta tun daga kanta har gindin jirgi, a Abuja ma wani zai tarbe ku da shi. Amma ka sani hawa jirgin da matakala ne, ƙarfe ne kuma da ɗan tsayi, babanmu mutum biyu ne suka riƙe shi ta kowane gefe yana hawa ɗaya ɗaya yana hutawa, iska na kaɗa mashi babbar riga, kuma ba wanda ya ce ya yi sauri. In Inna ba za ta iya taka matakala ba sam to wannan ma ka faɗa masu tun da wuri su san shirin da za su yi. Ka roƙa a ba ku kujerun gaba gaba kusa da juna, ita ta zauna ta bakin hanya don miƙe ƙafa, ba za su ba ku layin ƙofar gaggawa ba don ba a sa mara lafiya a wurin.

Maganinta da takardun asibiti da hoton da aka yi mata duk su zauna a jakar hannunka, kar ka kuskura ka sa su cikin babbar jaka da za a auna a wuce da ita. Fawa bank ma a hannu ake riƙewa. Kowa da katin shaidarsa mai hoto, na ɗan ƙasa ko na zaɓe, kuma sunan da ke tikiti ya zama shi ne sak a katin, ka san tsofaffinmu wani katin an sa sunan miji wani an sa na uba, ka duba da kyau kafin a buga.

Kunne kuma. Lokacin sauka zai toshe mata har ya ɗan yi zafi, musamman in tana mura irin ta sanyin nan. Ka riƙe mata dabino ko alawa tana tsotsa tana haɗiyar yawu, ko ta riƙa hamma, zai buɗe. Ta tafi da mayafi mai kauri ko suwaita don cikin jirgi da sanyin esi. Ta yi fitsari da alwala kafin a kira shiga, banɗakin jirgi matsattse ne ba zai yi mata daɗi ba. In tana da hawan jini ko ciwon zuciya ko numfashi ka tambayi likitan da ke duba ta a gida kafin ku tafi, don iskar cikin jirgi in an hau sama ba ta kai ta ƙasa yawa ba.

Tsoro kuwa kar ka yi mata dariya kuma kar ka ce mata ba komai, ka gaya mata gaskiya cewa wajen tashi zai yi gudu da ƙara sosai, jikinta zai manne da kujera, wani lokacin a sama zai ɗan yi girgiza, duk normal ne. Babanmu carbinsa ya riƙe ya yi addu'ar hawa abin hawa, kafin a gama raba ruwa da biskit har ya fara leƙen taga yana tambayata wane gari ne wancan. Da za mu sauka ma mun hango Dutsen Zuma, amma da hazon nan ban ce za ku gani ba.

Ni a nawa ganin Katsina za ku bi saboda bayan nata.

Ɗan Kusugu ya amsa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Hajiya Uwar Biyu maganar sunan nan kin taimake ni, yanzu na ɗauko katinta zan bi harafi harafi. Na karanta wa Inna bayanin Malam Mai Tikiti ta ce in dai bai kai awa ba to da sauƙi.

Saura hazon, ba wanda ya taɓo shi. Kuma akwai jirgin da na gani ranar Litinin da yamma, in muka bi shi mun kwana Abuja Talata da safe mu wuce asibiti, kuɗin masauki na kwana ɗaya kenan kawai. Ya kuka gani?

Mai Tikiti na Ƙofar Ƙaura ya amsa:

A'a ɗan uwa, Litinin da yamma kam ban ba ka shawara ba, ko kai ɗan cikinmu ne haka zan ce maka. Dalili biyu.

Na farko hazon da ka tambaya. Tashi a hazo bai cika zama matsala ba kamar sauka. Matuƙi sai ya hango titi daga wani nisa da aka ƙayyade kafin a yarda ya sauka, kowane fili da nasa iyakar gwargwadon na'urorin da aka kafa masa, in ganin ya gaza haka ba zai ma taso daga inda yake ba, in kuma ya riga ya taso sai ya yi shawagi ya juya ko ya sauka wani gari. To jirgin da za ku hau ba a Katsina yake kwana ba galibi, zuwa yake daga Abuja ya sauke ya ɗauka, in bai samu sauka ba ku ma ba tafiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu haka muke fama duk shekara, ƙurar daga hamada take tasowa ta wajen Chadi, kuma ba Katsina kaɗai take rufewa ba, ranar da ta yi kauri Kano ma rufewa take, Sakkwato da Maiduguri duk haka. Don haka Alhaji ko ta Kano aka bi hazo bai bar mutum ba, abinda Kano ta fi mu shi ne in gari ya washe jiragen da za su kwashe mutane sun fi yawa.

Na biyu jirgin yamma shi ke ɗaukar duk lattin ranar. Jirgi ɗaya ne yake zagaye, ya je Legas ya dawo Abuja ya je wani gari sannan ya zo mana, in ya makara minti 30 da safe ya ƙara 40 da rana kafin ya iso nan an tara awa biyu, in dare ya yi kuma sai ka ji an ce sai gobe. Gobenku kuwa ita ce Talatar.

Ga yadda zan tsara in ni ne. Ka nemi jirgin Katsina na ranar Lahadi, ko Asabar in babu na Lahadi, wanda ya fi kusa da safe. In ya tashi alhamdulillahi, Inna ta samu yini guda ta huta bayanta ya saki kafin ganin likita. In aka soke kuna da Litinin a hannu, ku kwana Katsina ko ku wuce Kano a hankali ku bi na can. Ka ga an haɗa maganar Alhaji da ta Ɗan Ƙofar Soro kenan. Na san kuɗin masauki zai ƙaru amma ka auna shi da asarar ranar likita da sake sayen tikiti biyu a farashin ranar tafiya, wanda kullum ya fi tsada. In kuna da dangi a Kubwa ko Lugbe ko Gwagwalada ma ai an huta, Lugbe ce ma ta fi kusa da filin jirgin.

Kuma ka san haƙƙinka. A dokar NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama ta ƙasa, in jinkiri ya kai awa 2 a jirgin cikin gida kamfani zai ba ku abin taɓawa, in ya wuce awa 3 kana da damar ka ce a mayar maka da kuɗinka, haka in sun soke, ko su maida kuɗi ko su sa ku a wani jirgin. Sai dai in yanayi ne ya jawo ba za su biya diyya a kai ba, kuma kuɗin ba lallai ya dawo a ranar ba, shi yasa nake cewa ka riƙe wani abu a asusu ko da za a buƙaci sabon tikiti. Lambar wayar da za a sa a tikiti ta zama taka wadda take kunne, don ta nan suke turo saƙon canjin lokaci, kuma kafin ku baro Daura ka kira ka tabbatar jirgin na nan.

Malam na Shargalle ya amsa:

Allah shi ba ta lahiya. Ni abin da nike roƙo Allah shi nuna mana ƙarshen aikin layin dogon ga na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, tunda ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Ranar da ya fara aiki mai mara lahiya ya hau daga Daura ya miƙe ƙafa har Kano ba ramuka ba burki, ya fi mashi wannan wahala ta mota. Kahin nan dai ku bi shawarar Mai Tikiti, ku tahi da wuri.

Ɗan Kusugu ya amsa:

Amin Malam. Na yi magana da yaya ya amince, Lahadi ta Katsina, Kano tana nan a madadin ko ta kwana. Tambaya ta ƙarshe, in yanki na dawowa tun yanzu ko in bari?

Mai Tikiti na Ƙofar Ƙaura ya amsa:

Ka bari tukuna sai kun ga likita, don yana iya cewa a yi gwaji a dawo bayan kwana biyu ko uku, kuma tikiti mai araha in za a canza masa rana sai an biya tara da cikon farashi, wani lokacin ya kusa kuɗin sabo. In kuma ka fi son ka riƙe kujera to ka tambayi mai yankar maka nawa ne kuɗin canjin rana kafin ka biya, ya rubuta maka a saƙo. Dawowar ma lokacin kusan ɗaya ne, minti 45 zuwa 50 a sama, sai dai ranar ku baro masauki da wuri sosai saboda hanyar filin jirgin Abuja, kuma ka sake neman keken a tikitin dawowa don ba ya bin na farko.